Raddi Ga Masu Cewa Taɓin Hankali Gado Ne Zalla

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a zaurukan Dutsin-Ma da Kurfi, kuma an fi jin ta idan an zo binciken aure. Wai taɓin hankali a jini yake, gidan da aka taɓa ɗaure mutum ɗaya an gama da shi, kada a ba su 'ya, kada a karɓi tasu. Masu wannan ra'ayi ba jahilai ba ne. Cikinsu akwai dattawan da suka ga ciwon ya bi gida ɗaya daga kaka zuwa jika, akwai kuma 'yan boko da suka ji cewa likitoci sun tabbatar da gadon. Ban zo musanta abin da suka gani ba, hukuncin da suka yanke a kansa nake ƙalubalanta. Abin da ake gada rauni ne wanda zai iya kwanciya har mutum ya tsufa bai motsa ba, kuma abubuwan da ke tayar da shi suna nan cikin rayuwar da matasan wannan yanki suke yi a yau. Ciwon da ake magana a kansa shi ne wanda ke raba mutum da zahiri: saurayi ɗan shekara 20 ya daina zuwa majalisa, ya toshe tagar ɗakinsa da tsumma, ya ƙi cin tuwo daga hannun mahaifiyarsa don yana zargin an sa masa guba, ya ce mai labarai a rediyo da shi yake. Idan ya daɗe a haka, likitoci na kiransa sikizofiriniya, kuma ya fi fara bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara 30.

Hujjarsu ta farko ita ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, tunda ciwon na bin dangi to gado ne, magana ta ƙare. Mu bi lissafin masana gadon da kansu. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke gamuwa da ciwon a tsawon rayuwarsa. Irving Gottesman, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan iyalai a Turai ya wallafa a 1991, ya samu cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon, haɗarinsa ya kai kimanin 13 cikin 100, wanda ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da shi 9, ɗan kawu ko ɗan gwaggo kuwa 2. Gado ya tabbata, ba ja. Amma a juya lissafin a gani: cikin 'ya'ya 100 na masu ciwon, fiye da 85 ba za su taɓa yin sa ba. Sai kuma tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne sak. Da a ce gado kaɗai ke yanke hukunci, duk ranar da Hassan ya taɓu sai Husaini ya bi shi. Gottesman ya samu 48 cikin 100, wani bincike da aka yi daga baya a Danmak a kan tagwaye fiye da 30,000 ya samu kimanin 33. Za su ce ai wannan binciken na Danmak ya ƙiyasta rabon gado da kashi 79 cikin 100. Haka ne, sai dai wannan adadi yana auna abin da ke bambanta mutane a cikin al'umma guda ne, ba ya faɗin makomar Hassan ko Husaini. Ga kuma abin da ya fi rushe musu gini: mafi yawan masu ciwon ba su da uwa, uba ko ɗan'uwa mai irinsa. Wanda ya guji gidan da ya sani zai iya samun ciwon a gidan da ya zaɓa, ko ma a nasa.

Daga nan sai su ce damuwa ba ta taɓa hankali, domin da tana yi da rabin ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari sun zautu, tunda shekara da shekaru suna kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga. Wannan ce hujjarsu mafi nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ruwan Agusta iri ɗaya ne ke sauka a kan kowace katangar laka a gari, amma wadda ke da tsaga a ciki ita ce ke zubewa. Ba za a ce tsagar ce kaɗai ta kayar da ita ba, don ta yi rani goma a tsaye da tsagarta. Ba za a ce ruwan ne kaɗai ba, don maƙwabciyarta ta sha irinsa ta tsaya. A kan wannan fahimta, wadda Joseph Zubin da Bonnie Spring suka tsara a 1977, likitocin ƙwaƙwalwa suke aiki har yau. An kuma gwada ta. A Finlan, Pekka Tienari da abokan aikinsa sun bi rayuwar yaran da iyayensu mata ke da ciwon amma wasu gidaje suka riƙe su. Waɗanda suka tashi a gidan kwanciyar hankali, haɗarinsu bai yi nisa da na sauran yara ba; waɗanda suka tashi a gidan rikici da tsangwama, a cikinsu ciwon ya fi fitowa ƙwarai. Wani nazari da ya haɗa bincike da dama a 2012 ya nuna cewa duka, cin zarafi, wulaƙanci ko rasa iyaye a ƙuruciya na ninka haɗarin kusan sau 3. Hanyar ma an san ta gwargwado: tsoro mai tsawo yana sa jiki ya yi ta zubo sinadarin kotizol, shi kuma yana dagula aikin dofamin, sinadarin da ke nuna wa ƙwaƙwalwa abin da ya kamata ta ba muhimmanci. Idan ya rikice, tarin maƙwabci da ƙarar babur sai su zama saƙo. Gaban ƙwaƙwalwa kuwa, inda hukunci da kamun kai suke, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa matasa ne a bakin wuta.

Yanzu a dubi wanda ke cikin waɗannan shekaru a nan. Ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, yana haya nesa da gida, ga jarrabawa ga ƙarancin abinci, kuma ya san a Oktoban 2023 an shiga masaukin ɗalibai a garin an sace 'yan mata 5. Ko kuma saurayi ne a ƙauyen Kurfi da ya ga an sayar da gona da shanun huɗa don kuɗin fansa, wanda barcinsa ya koma na kaza. Ko yana cikin tsaran yara fiye da 300 da aka kwashe a makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020, waɗanda yanzu suke shiga shekarun haɗarin. Har yunwa tana da nata rabon: a Holan, waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar 1944 zuwa 1945 sun fi tsaransu kamuwa da ciwon kusan ninki 2 bayan sun girma. Gonar da aka hana nomawa bana tana iya barin tabo a ƙwaƙwalwar jaririn da ba a haifa ba tukuna. Wanda ya ce jini ne kawai, ya wanke duk waɗannan daga laifi ya ɗora shi a kan kakan yaro.

Idan aka matsa musu sai su sauya ƙafa, su ce to ai 'yan wiwi ne, su suka jawo wa kansu. Wannan ta ci karo da maganarsu ta farko, domin idan hayaƙi na iya kawo ciwon to ba gado zalla ba ne. Gaskiyar da ke ciki ita ce, a Suwidin an bi matasa fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, kuma sakamakon da ya fito a 1987 ya nuna waɗanda suka sha tabar fiye da sau 50 sun fi waɗanda ba su sha ba haɗari kusan sau 6. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya da miliyan 10.6. Mafi yawansu ba su taɓu ba, kamar yadda mafi yawan masu gadon ba su taɓu ba. Inda biyun suka haɗu, nan ne abin tsoro, kuma saurayin da ya san akwai ciwon a danginsa ya fi kowa buƙatar a faɗa masa wannan ƙarara.

Wasu kuma suna kawo misalin sikila, su ce tunda an yarda da gwajin jini kafin aure, wannan ma a tace shi haka. Ƙiyasin bai yi ba. Sikila ƙwayar gado guda ce, ana ganinta a ɗigon jini, kuma idan masu ɗauke da ita biyu suka yi aure an san kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Shi kuwa wannan ciwo, babban binciken da aka wallafa a 2022 ya gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciki, kowanne da ɗan tasiri ƙanƙane, kuma kowannenmu yana ɗauke da wasu daga ciki. Babu gwajin da zai ce wa waliyyi wannan saurayi zai taɓu, wancan ba zai taɓu ba. Iyaye suna da haƙƙin su yi bincike, kuma ɓoye wa mai neman aure ciwon da ake fama da shi ha'inci ne. Amma a ƙi yarinya mai lafiya don ɗan kawunta ya yi jinya, wannan hukunci ne a kan 2 cikin 100.

Maganarsu ta ƙarshe ita ce mafi ɓarna: abin da yake a jini ba ya jin magani. Hawan jini da ciwon suga ma suna bin dangi, ba wanda ya ce a bar shan maganinsu. Da yawa daga masu wannan ciwo suna lafawa da magani su koma karatu da sana'a, wasu sau ɗaya yake zuwar musu bai sake ba, kuma an tabbatar cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar farfaɗowa. A nan ra'ayin gado zalla yake yin kisa. Gidan da ya san za a ƙaurace wa 'ya'yansa mata idan labari ya fita, zai kulle yaron a ɗakin baya wata da watanni, ko ya kai shi inda za a sa masa mari, irin gidajen da 'yan sanda suka fasa a Daura da Katsina a Oktoban 2019 suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Addu'a da ruƙiyya ba sa gaba da asibiti. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya, kuma a 2020 Oye Gureje da abokansa suka nuna a Ibadan da Kumasi cewa idan malamai da masu maganin gargajiya suka haɗa hannu da ma'aikatan ƙananan asibitoci, majinyata sun fi samun sauƙi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin kulawa cikin mutunci. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma ba kowane gida a Kurfi ke da kuɗin motar zuwa Dawanau a Kano ko Barnawa a Kaduna ba. Saboda haka aikin ya koma kan ma'aikacin lafiya na asibitin gunduma, da limamin unguwa, da jami'in kula da ɗalibai: a koya musu gane alamun farko, wato janyewa daga mutane, rashin barci da zargi marar tushe, a kuma ajiye maganin a Dutsin-Ma da Kurfi inda uwa za ta iya zuwa ta karɓa ta koma gida a yini ɗaya.