Zauren Iyali: Kada Mu Yar Da Tsohon Molo

A watan nan muna so mu yi zance a kan wani abin da ya ke kwance a lungun majami'u da yawa, ƙura ta rufe shi, ba mai kula da shi, wato tsofaffin kayan kiɗanmu. Daga Jandutsi zuwa Jega, daga Aliero zuwa Maiyama, in mutum ya leƙa ɗakin ajiya na masu bi, ba wuya ya tarar da jita wadda tsirkiya biyu suka tsinke mata, ko ganga mai yagaggiyar fata, ko molo wanda ba a taɓa shi ba tun rasuwar mai shi. Ga kaka ta yi, an kawo baikon godiya, matasa kuwa sun soma roƙon dattawa a sayi sabon piyano mai lantarki. Kafin a buɗe akwatin baiko, bari mu zauna mu yi shawara.

Akwai wani abin kiɗa a Amurka wanda labarinsa zai taimake mu. Jita ce, amma ba a rungumarta a ƙirji. A kwance ta ke bisa ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur. Makaɗin yana zaune, yana jan wani guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyoyin da hannun hagu, yana kaɗawa da na dama. A ƙasa akwai feda da ya ke takawa, da waɗansu ƙarafa da ya ke turawa da gwiwa. Yawancinsu tsirkiya 10 gare su, da feda 3. In ya taka feda, sai wata sandar ƙarfe a ƙarƙashin tebur ɗin ta ja tsirkiya ta ƙara mata tauri, muryarta ta hau sama kamar mutum yana kuka. Wani saurayi na tsibirin Hawai, Joseph Kekuku, shi ne ya soma kiɗan jita a kwance wajen 1889. A ƙarshen shekarun 1930 waɗansu 'yan'uwa biyu, Troman da Willie Eason, suka shigar da ita cikin sujada a wata ikkilisiya ta baƙaƙen Amurka mai suna House of God, har ta zama babbar murya a cikin yabonsu. Daga baya aka ƙara mata feda. A nan Nijeriya ma an ji ta, gama Demola Adepoju ya kaɗa ta a ƙungiyar King Sunny Ade, faifansu kuwa na 1982 ya kai muryarta ƙasashe da yawa.

To, waɗanda aka ƙera tun shekarun 1960 da 1970, irin na kamfanin Sho-Bud, yanzu sun tsufa. Tsohon mai ya daskare a gaɓoɓinsu, sifirin ya saki, katako ya dushe. Duk da haka masu su ba su jefar da su. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ta da irin waɗannan jitoci. Kafin mai gyara ya kwance ko sukuru ɗaya, sai ya kifa jitar ya ɗauki hoton cikinta, ya sa wa kowace sandar ƙarfe lamba, domin kada ya rikice ran mayarwa. Sa'an nan ya wanke kowane ƙarfe, ya goge tsatsa, ya sake sifirin da ya mutu. Abin da ba shi samuwa a kanti sai ya kai wa maƙeri a yi masa irinsa. Ba ya canza abin da bai lalace ba. Aikin yakan ci makonni, amma a ƙarshe jitar da ta girmi mai kaɗa ta sai ta koma bakin aiki.

In mutanen da su ke da kantuna cike da sababbin kaya suna yin wannan wahala, ina dalilinmu na yar da namu? Ikkilisiyoyinmu na ƙauye ƙanana ne. Baikonmu daga damin gero da buhun albasa ya ke fitowa, daga guminmu. Cikin wannan kuɗi ne a ke biyan mai bishara, a taimaki gwauruwa, a gyara rufin majami'a kafin damina. Piyano mai lantarki kuwa ba shi kaɗai ya ke zuwa ba. Yana zuwa da bukatar lasifika, da janareta, da man fetur kowace Lahadi. Ran da ba wuta, sai ya yi shiru. Molo da ganga ba su san ɗauke wuta ba.

Ba mu ce sayen sabo zunubi ba ne. In da hali, aka kuma yi shawara da bakin kowa, a saya, Allah ya sa albarka. Abin da mu ke tsoro shi ne halin nan na cewa duk abin da ya tsufa ya ƙare.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misali a Littafin Tarihi na Biyu, sura 29. Sarki Ahaz ya rufe ƙofofin Haikali, ya watsar da kayan sujada. Da ɗansa Hezekiya ya hau gadon sarauta, a watan fari na shekararsa ta fari ya buɗe ƙofofin ya gyara su. Firistoci da Lawiyawa suka yi kwana 16 suna fid da ƙazanta. Kayan da Ahaz ya yar suka tattara, suka shirya su, suka tsarkake su. Ran da aka miƙa hadaya, Lawiyawa suka tsaya da kayan kiɗa na Dawuda, alhali tsakanin Dawuda da Hezekiya kusan shekara 300 ne. Ku karanta surar nan tare da 'ya'yanku, ku ga yadda farkawa ta soma da shara da gyara.

Yanzu bari mu sauko kan aikin hannu. Maƙiyan kayan kiɗa a ƙasarmu huɗu ne: hunturu, damina, gara, da sakaci. Iskar hunturu takan shanye danshin katako har fuskar jita ta tsage, ko jakin da ya ke riƙe da tsirkiyoyi ya ɗago. Ku tuna, tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita suna jan wuyanta da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana. Saboda haka in za a daɗe ba a kaɗa ta ba, a sassauta su kaɗan. Lokacin hunturu a ajiye ta cikin jakarta tare da ɗan soso mai laima a cikin gwangwani mai huji, kada ya taɓa katakon. Da damina kuwa tsatsa ce ta ke cin tsirkiya da kunnuwan da a ke murɗa ta da su. A share tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowace sujada, a ɗiga wa kunnuwan man keken ɗinki, ɗigo ɗaya ya isa. Kada a jingina jita ko molo da bangon ƙasa, gama nan gara ta ke. A rataye su. Kada kuma a bar su a rana ko ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi, don zafi yana narkar da gam.

In katako ya tsage, kada a buga masa ƙusa. A kai wa kafinta mai haƙuri ya zuba gam na katako cikin tsagar, ya matse, ya bari ya kwana. Jitar da aka yi domin tsirkiyar roba, kada a ɗaura mata ta ƙarfe, za ta karye. Molo da ganga kuwa gyaransu a hannunmu ya ke. Fatar akuya tana wurin mahauta da majema, a jiƙa ta, a ɗaura tana da laima, a bar ta ta bushe a inuwa. Zaren roba irin na masunta na bakin Gulbin Zamfara yana yin tsirkiyar molo sarai. Marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwani da tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. In kuwa gara ta riga ta cinye wuyan jita, to, wannan ta wuce gyara. A cire kunnuwanta da jakinta a ajiye, wata rana za su ceci wata.

Akwai abin da ya fi katako saurin ɓacewa, shi ne sani. Tsofaffin da suka iya sassaƙa molo da ɗaurin ganga suna ta raguwa a cikinmu. Iyaye, ku aiki 'ya'yanku su zauna gindinsu tun suna da rai. Dattawa, ku zaɓi mutum ɗaya amintacce ya zama mai kula da kayan kiɗa, a rubuta su a littafi, a ware ɗan kuɗi kowace shekara domin tsirkiya da fata. Zumuntar Mata sun san darajar tulunsu na kiɗa da cakinsu, suna kula da su. Mu maza mu yi koyi.

Amma zancenmu bai tsaya a kan molo ba. A cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura 6, Manzo Bulus ya umarci masu bi su komo da ɗan'uwan da ya faɗi, su yi haka da tawali'u. Kalmar Helenanci da ya mora ita ce wadda Markus ya mora sa'ad da ya ba da labarin Yakubu da Yahaya suna gyaran tarunansu cikin jirgi. Da ita kuma masu magani na dā su ke faɗin ɗorin ƙashi. Mu mutanen wannan yanki mun san ɗori, gama daga nesa a ke kawo masu karaya Aliero. Mai ɗori ba ya cewa a yanke ƙafa don ta karye. Yakan lallaba, ya daidaita, ya ɗaure da karan ɗori, ya jira.

Wa ke kwance a lungun ikkilisiyarku? Ko saurayin da aka sa a horo shekara biyu ke nan, ba wanda ya taka zuwa gidansa? Ko tsohuwar da ta jagoranci waƙa shekara talatin, yanzu ƙafa ta hana ta fita? Ko auren da kowa ya san ya tsage, kowa kuwa ya kau da kai? Waɗannan ma na Ubangiji ne, da jininsa ya saye su. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka, kafin Kirsimati, a buɗe ɗakin ajiya a fito da kome fili, a duba wanda zai gyaru. A kuma buɗe littafin sunayen 'yan ikkilisiya a yi haka nan. Ubangiji wanda bai yashe mu ba sa'ad da mu ke a lalace, shi ba mu hannu mai haƙuri. Sai wata mai zuwa, in ya yarda. Alherinsa shi zauna tare da ku duka. Amin.