Waiwaye: Takardar da Ke Manne a Allon Laburare

A shekarar 2010, idan ka sauka a shataletalen Mando ka zagaya ta bayan tasha, akwai wani shagon kafe mai kwamfuta takwas da fanka ɗaya, ga janareta a bakin ƙofa wanda sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Naira 100 ake biya a kowace awa. Yaron shagon zai yago maka 'yar takarda mai lamba, da ka shigar da ita agogo zai fara cin kuɗinka a gefen allo tun shafi bai buɗe ba. A nan na ƙarar da yammacin kusan wata biyu na shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina neman abin da zan gina kundin digirina a kai a fannin adabin Turanci.

Littafin da na zaɓa shi ne The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984. Na zaɓe shi ne saboda Li, yarinyar da labarin ke bi, na san irinta a layinmu. Na san wadda aka ɗaura wa aure miji ya tafi birni ya bar ta da jira, na kuma san wadda ta gaji da jiran ta koma makaranta. Kaina cike yake da magana a kan littafin. Abin da na rasa shi ne sanin me masana suka riga suka faɗa, kuma babi na biyu na kowane kundi a kan wannan yake tsayawa.

Duk abin da Google ya ba ni kwashewa nake yi in zuba a filash: taƙaita labari, bayanan 'yan sakandare masu shirin jarrabawa, da rubuce-rubucen da ba su da sunan mai su balle shekara. Na ɗinke su wuri guda, na buga shafi 18, na kai wa malamin da ke duba aikina. Bai yi faɗa ba. Ya ɗora jan biro a kan sakin layi na uku ya ce, "Wannan maganar ta wace ce?" Na yi shiru. Ya ce, "Idan taka ce, kare ta. Idan ta wani ce, gaya mini sunansa da inda ya faɗe ta. Idan ba ka san mai ita ba, to ba ta da gurbi a nan." Ya miƙo mini takarduna, ya tambaye ni yaushe rabona da laburare.

Laburare kuwa na san shi, amma a matsayin inuwa. Nan muke fakewa lokacin jarrabawa mu haddace handawut ɗin malamai, mu fita. Shekara uku da rabi ban taɓa yi wa wani ma'aikacin wurin magana da ta wuce gaisuwa ba. A zatonmu aikinsu shi ne karɓar jaka a ƙofa da tsawata wa masu surutu.

Washegari na je. Akwai wata dattijuwa a teburin sashen bincike, Hajiya kowa ke ce mata, tabarau rataye a wuyanta da igiya. Na gaishe ta, na faɗi matsalata. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta tashi ta ce in biyo ta. A allon sanarwa na bakin ƙofa, wanda na wuce ta gabansa sau babu adadi, akwai wata takarda da rana ta fara dafawa, an manna ta da fil huɗu. Sunayen rumbunan mujallu ne a jere, kowanne da bayanin yadda ake shiga. Ta ce, "Ɗana, wannan takardar ta fi shekara a nan. Don ku aka manna ta." Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ta zaunar da ni gaban kwamfuta ta buɗe JSTOR. Daga baya na san tarihinsa: a Amurka aka kafa shi a 1995 don a ɗauki hoton tsofaffin mujallun ilimi shafi bayan shafi, tun daga fitowarsu ta farko, yadda mutum zai iya neman kalma ɗaya a cikin dubban shafuka. Daga 2006 kuma ya ɗauke wa jami'o'i da cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin rajista. Wato shekara huɗu ke nan ƙofar tana buɗe a kyauta, ni kuwa ina Mando ina biyan kuɗin awa.

Na rubuta sunan marubuciyar, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Har na fara cewa ai na faɗa, ba a yi rubutu a kanta ba. Hajiya ta sa tabarau ta sunkuyo. Ta ce, "Dubi bangon littafinka." Ni na rubuta Zainab, yadda muka saba, ita kuwa marubuciyar Zaynab take sa wa. Harafi ɗaya. Ta gyara, ta kulle sunan a tsakanin alamun zance don injin ya nemo kalmomin biyu a haɗe, ta sake latsawa. Sai ga maƙalu sun jeru, kowace da sunan marubucinta, da mujalla, da shekara, da lambar shafi. A ranar na fara ganin Research in African Literatures, mujallar da Bernth Lindfors ya kafa a Jami'ar Texas a 1970. Har yau ina tuna sanyin da na ji a ƙirjina da na karanta wani masani yana faɗin abin da ni ma na hango game da Li, sannan a shafi na gaba ya faɗi abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan. Daga wannan rashin yardar babina ya samu ƙafa.

Ba ta bar ni da JSTOR kaɗai ba. Ta yi mini bayanin cewa yawancin mujallun da ke cikinsa sukan tsaya shekara uku zuwa biyar a baya, don haka mai neman sabon rubutu sai ya leƙa Project MUSE na Jami'ar Johns Hopkins. Ta nuna mini AJOL, rumbun da ya tara mujallun da ake bugawa a Afirka, inda za ka ci karo da malaman jami'o'inmu na gida. Ga ɗaliban da ke fama da Shakespeare ko Dickens kuma, ta ce Project Gutenberg ya ajiye tsofaffin littattafan kyauta. Sannan ta koya mini abin da ya fi duk waɗannan amfani a wurina: in na samu maƙala mai kyau, in fara da shafinta na ƙarshe, in ga su wa marubucin ya karanta, in bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata gaskiya da ba zan ɓoye wa ɗalibi ba. Rumbunan nan ba su raba abin daidai ba. Nemi Chinua Achebe ko Wole Soyinka, za ka karanta har ka gaji. Nemi Labo Yari, mai Climate of Corruption na 1978, ko Abubakar Gimba, sai ka ga sakamakon ya tsuke. Mafi yawan nazarin da aka yi wa marubutan Arewa yana cikin kundayen digiri na biyu da na uku, da takardun tarukan ƙara wa juna sani, waɗanda a lokacin ba su hau intanet ba. Hajiya ta rubuta mini takardar gabatarwa, na shiga mota a Kawo na tafi Samaru, na yini a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ina juya kundaye masu kauri da aka buga da tafireta. Wata rana kuma na je Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970, na zauna da tsofaffin jaridu don in ji yadda ake maganar karatun mata da aure a shekarun da The Stillborn ya fito. Yanzu jami'ar ta Zariya ta ɗora kundaye masu yawa a rumbunta na Kubanni, mutum na iya buɗe su daga ɗakinsa. Duk da haka sai an gaya maka akwai shi kafin ka nema.

Nan ne darasin yake a wurina. Jami'o'inmu suna kashe kuɗi, TETFund na gina ɗakunan kwamfuta, ana biyan rajistar rumbuna, amma ɗalibi yakan kammala bai san da su ba, saboda gabatarwar da ake yi masa awa ɗaya ce a makon farko, lokacin da hankalinsa ke kan neman ɗakin kwana. A ganina kowane malamin adabi ya kamata ya kwashi 'yan ajinsa da ƙafarsa ya kai su teburin ma'aikacin laburare tun suna aji biyu, ya ba su aikin da ba zai yiwu ba sai da maƙala mai suna da shekara. Ma'aikacin nan karatun neman ilimi ya yi, digiri gare shi a kai. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance shi ne 'yar ƙanwata, wadda ke aji huɗu a sashen Turanci, tana kuma zaune a gidanmu na Mando. Kafen nan ya daɗe da zama shagon cajin waya. Ita a tafin hannunta take bincike. Tana rubutu ne a kan Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Ran Juma'a da daddare ta kawo mini jerin manazarta guda tara da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ta, tsaf da su, har da lambobin shafi. Muka zauna a tsakar gida muka bi su. Na nuna mata yadda ake buɗe asusun JSTOR na kai, wanda ke ba mutum damar karanta maƙala 100 a wata ba tare da biyan ko kwabo ba. Muka nemi na farko, babu. Na biyu, mujallar tana nan amma maƙalar ba ta taɓa fitowa a cikinta ba. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Kawu, to da na miƙa wannan fa?"

Na tambaye ta ko ta san wanda ke teburin bincike a laburarensu. Ta ce akwai wani dattijo, amma ba su taɓa magana ba. Ta ɗauki biro ta soke bakwai daga cikin taran, ta ninke takardar ta sa a cikin littafin, ta ce ran Litinin kafin lakcar ƙarfe goma za ta biya ta wurinsa.