RA'AYINMU: Kwalbar toho da ciwon kaska

Ranar kasuwar dabbobi da ta gabata wani ɗan'uwanmu mai fataucin shanu ya shigo mana da ƴar kwalba wadda ba ta fi tsawon yatsa ba. Ɗansa da ke karatu a Faransa ne ya aiko masa da irinta guda uku, kuma kuɗin da yaron ya kashe ya isa sayen akuya. Wata bakwai ke nan bawan Allah yana fama da masassara mai zuwa ta koma, da ciwon gwiwa da ƙugu, da gumin dare. Da yaron ya ji labari, sai ya tuna yadda mahaifinsa ke kwana cikin shanu, ya ce lallai ciwon kaska ne, ga maganinsa. Tambayar ɗan'uwan namu ita ce, ya aika a ƙaro ko kuwa? Mun ce masa a'a, kuma muna son sauran ƴan'uwa su ji dalili.

Abin da ke cikin kwalbar tohon itatuwa ne, wato ƴan kunnuwan da ke fitowa a reshe kafin ganye ya buɗe. Ana jiƙa su cikin barasa da ruwa da wani abu mai zaƙi da ake kira gilisarin har wajen mako uku, a tace, a riƙa shan ɗigo kaɗan kullum. Wani likita ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Pol Henry ne ya fito da wannan hanya a shekarun 1950, bisa tunanin cewa ƙarfin itace duka yana tattare a cikin tohonsa. Tunani ne mai daɗin ji. Amma har yau babu gwajin da aka yi a kan marasa lafiya wanda ya nuna cewa ruwan toho yana kashe ƙwayar cutar da kaska ke sa wa mutum. Maganar barasar da ke ciki kuwa, mun bar wa kowa da malaminsa.

To, me ya haɗa wannan magani da kaska? A Amurka da Turai akwai ciwon da ake kira Laim, sunan wani gari ne a jihar Konetikat inda aka ga yara da yawa da kumburin gaɓoɓi a 1975. A 1982 aka gano ƙwayar cutar a cikin kaska. Idan an kama shi da wuri, maganin asibiti na kwana 10 zuwa 28 yana warkar da mafi yawan mutane. Sai dai wasu sukan ci gaba da jin kasala da ciwon jiki na watanni, kuma gwaje-gwajen da aka bayyana sakamakonsu a Amurka a 2001 da Holan a 2016 sun nuna cewa ƙara musu watannin magani ba ya amfani. Mutum ya gaji, likita ba shi da sabon abin ba shi, nan ne masu kwalba suka sami kasuwa. Ba mu ga laifin majinyacin da ya nemi sauƙi ba. Abin lura shi ne kaskar da ke kawo Laim ta dazuzzuka ce masu sanyi da laima, ba ita ce muke cira a hantsar saniya ko ƙarƙashin wutsiya ba.

Kaskarmu tana da nata sharrin. Mai zane-zanen nan da ke kawo wa shanu kirci takan sa wa mutum masassara da ciwon kai, a ga baƙin tabo inda ta ciza. A Senegal da Mali da Muritaniya akwai wata ƴar kaska mai laushi da ke zaune cikin ramin kusu, tana fitowa da dare ta sha jini cikin ƴan mintoci ta koma ba a ji ba. Masassararta takan yi kwana uku ta sauka, bayan kamar mako guda ta dawo, a yi ta shan maganin cizon sauro a banza. A ƙauyen Dielmo na Senegal, daga 1990 zuwa 2003, an tarar cikin mutum 100 kusan 11 suna kamuwa da ita kowace shekara. Duka biyun suna jin magani mai araha, doksisiklin, idan ma'aikacin lafiya ya rubuta shi. Ta uku ita ce mafi muni, masassarar da ke sa zubar jini, irin wadda ta kashe mutane a Nuwakshot a 2003. Tana shiga ta cizon kaska, ta jinin dabbar da aka yanka, ko ta murtsuke kaska da yatsa, abin da yaranmu ke yi kowace safiya a garke.

Amma makiyayin da ya yi watanni da masassara mai zuwa ta koma, da gumin dare da ciwon ƙugu, mu abin da za mu fara tambayarsa shi ne, shanunka suna ɓari? Akwai mai kumburin gwiwa a cikinsu? Domin kuwa bakkale ba a shanu kaɗai yake tsayawa ba. Yana kama mutum ta ɗanyen nono da ta taɓa mahaifa da ɗan ɓari da hannu tsirara, babu ruwansa da kaska. Da awon jini ake gane shi, maganinsa kuma iri biyu ne a haɗe har mako shida ba fashi. In an bar shi yakan zauna a ƙashin baya, yakan kumbura maraina. Kowane watan da aka ɓata ana ƙirga ɗigo, ciwon ne ke ƙara kafa gindi. Ɗan'uwan namu ya amsa cewa shanunsa huɗu sun yi ɓari bara.

Kada wani ya ɗauka muna raina itace. Da maɗaci da sabara da bagaruwa iyayenmu suka riƙe garke tun kafin a san allura, man ƴaƴan dogon yaro ma yana taimakawa wajen rage kaska a jikin dabba. Waɗannan a bayan ruga suke, ba a biyan kuɗin jirgi a kansu, kuma tsohon da ya san su ya san inda iyakarsu take. Haka nan muna jan kunnen masu zuƙo teramisin na shanu su yi wa kansu allura. Awon sa daban, na mutum daban, an kuma sha ganin ƙurjin da ke biyo baya.

Abin da ke tura mutanenmu ga kwalba sananne ne. Gidan likita yana da nisa, idan an je kuma awon cizon sauro kaɗai ake yi, in bai nuna komai ba a sallami mutum da maganin ciwon kai. Saboda haka muna kira ga hukumomin lafiya da na kiwo da su haɗa tafiyarsu. Motar da ke zuwa rigakafin dabbobi ta zo da ma'aikacin lafiyar mutane da kayan awon bakkale, musamman lokacin taron Ingal na watan Satumba da manyan kasuwanni irin na Abalak da Dakoro, inda makiyaya ke taruwa da kansu ba sai an neme su ba. Kafin nan, a cire kaska da matsefata, a jefa ta wuta, a tafasa nono, a sa leda a hannu kafin a taɓa ɗan ɓari.

Ɗan'uwan namu ya yi alkawarin zuwa Maraɗi a auna jininsa, zai kuma gaya wa likita maganar ɓarin shanun. Kwalba ɗaya ya bar mana a ofis, wanda ke son ganin irinta ya zo ya gani.