SHAFA MAI MA DA IYAKARSA

Ya 'yan'uwana ɗalibai, na san da ganin kan wannan magana wani zai yi dariya, ya ce ashe har shafa mai ya kai a rubuta shi cikin mujallar Kwaleji? To, ku yi haƙuri ku karanta tukuna. Mu ne malaman gobe, abin da mu ka saba yi da jikinmu kuwa shi za mu koya wa yaran mutane, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Bari in fara da kaina, don kada a ce na zo tonon asirin wani. Ni mutumin tudu ne, inda hunturu ke tsaga leɓe, ya bar diddige da faso. A makarantar mishan inda na yi karatu, kowace safiya sai mu yi layi a duba haƙora da farce da gashi. Yaron da ƙafarsa ta yi fari fat kamar wanda ya kwana cikin toka, a gaban kowa za a fitar da shi. Saboda tsoron wannan kunya na tashi da imani cewa yawan ƙyalli shi ne tsabta. Ran da zan taho nan, uwata ta ƙulla mini man kaɗanya da kwalbar basilin, ta ce kada in bari a ga ɗanta ya yi furu-furu a ƙasar mutane.

Na iso nan kudu, inda ruwa ba ya ɗaukewa sai kaɗan, iska kuwa kullum da laima. Amma ban sake hali ba. Safe in laɓta, dare in laɓta, fuska da kai da baya duka. Kafin zango guda ya ƙare goshina ya cika da ƙuraje, kyasbi ya fito mini a baya da ƙirji, wuyan rigata ya yi baƙi, garin alli kuma in na yi rubutu a allo sai ya manne mini a fuska. Da na ga kyasbin yana ɗan ɓarewa, sai na ce bushewa ce, na ƙara mai. Ashe wuta na ke ƙara wa itace. Sai da na je ɗakin magani, ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce, "Malam, sau nawa ka ke shafa mai a yini?" Da na faɗa mata, ta ce in bar fuskata ta huta, ta ba ni maganin kyasbi. Ƙurajen su ka lafa cikin 'yan makonni, amma dabbare-dabbaren baya sai da ya yi watanni kafin launin ya daidaita.

Tun daga nan na shiga bin diddigin al'amarin, ga kuwa abin da na samu. Allah bai bar fatar mutum haka nan ba. A ƙarƙashinta akwai waɗansu 'yan jakunkuna masu fid da maiƙo ta ramin gashi. Sun fi yawa a fuska da kai da ƙirji da gadon baya, sun kuma fi aiki a lokacin samartaka, watau shekarun yawancinmu. A ƙwauri kaɗan ne, a tafin hannu da tafin ƙafa kuwa babu ko ɗaya. Kun ga ke nan jiki ba ɗaya ba ne. Wurin da ya ke da nasa mai, mu kan ƙara masa, wurin da ba shi da shi, watau diddige, shi mu ke mantawa.

Abu na biyu, mai ba ya ba fata ruwa. Aikinsa ya rufe, ya hana ruwan da ke ciki fita, kamar murfi a bakin tulu. Basilin ya fi kowane iya wannan aiki. Wani mutum mai suna Robert Chesebrough ne ya tace shi daga danƙon da ke taruwa a rijiyoyin man fetur na Amurka, ya yi masa rajista a 1872. Ba mugun abu ba ne, haka man kaɗanya da man alayyadi da kakanninmu su ka sani. Amma murfin da ya yi amfani cikin hunturu, ran da zufa ke neman hanyar fita sai ya zama kaya. In ƙofofin zufa su ka toshe, ƙurajen zafi ke nan, jarirai kuwa sun fi kowa shan wannan wahala. In ramin gashi ya cushe da maiƙo da mataccen saɓa, ƙurajen fuska ke nan. Tun a 1970 likitocin fata a Amurka su ka bayyana irin ƙurajen da ke jeruwa a goshi da gefen fuska saboda man gashi mai kauri da ke gangarowa daga kai. Shi kuwa kyasbi, wani ɗan ƙwayar cuta ne dangin yis ke kawo shi, wanda ke zaune a fatar kowa, abincinsa maiƙo, ba abin da ya ke so kamar zafi da gumi.

Wani zai ce, to, mu bar shafa mai ke nan mu yi ta yawo kamar buhun gari? A'a, ban ce haka ba. Farin da ke fitowa a ƙwauri da gwiwar hannu busasshen saɓa ne, ya fi kuwa nunawa a baƙar fata. Fatar da ta bushe har ta tsage ƙofa ce a buɗe ga cuta. Tsofaffi da masu ciwon ƙaiƙayin fata suna bukatar mai fiye da sauran mutane, wanda likita ya ce ya yawaita kuwa sai ya bi maganar likita. Abin da na ke cewa shi ne, gishiri shi ne daɗin miya, shi ne kuma ke ɓata ta. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake: abin da ya dace da Jos cikin Janairu bai dace da Fatakwal cikin Yuli ba.

Sau da yawa ma mu ne ke jawo bushewar da hannunmu. Na ga masu wanka da sabulun wanki, har da garin sabulu, su sa soso mai kaushi su yi ta dirza kamar suna wanke tukunya. Wannan yana kwashe maiƙon da jiki ya yi wa kansa, fata ta ɗaure, sa'an nan a ɗauko mai a laɓta don a gyara ɓarnar. Gobe kuma a sake. Kuɗin sabulu ya tafi, kuɗin mai ya tafi, fata ba ta huta ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, ba zan ɓoye shi ba ko da zai ɓata wa waɗansu rai. Cikin akwatunanmu, na maza da na mata, akwai mayukan da a ke kira na gyaran fata, alhali na sa fari ne. Waɗansu da makuri a ciki, wanda ke lahanta ƙoda, waɗansu da magunguna masu ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ciwo ya ƙi warkewa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Malamin da ke ƙyamar launin da aka halicce shi da shi, me zai ce wa yarinyar da abokanta ke yi wa ba'a don baƙa ce?

Ga shawarata, ba ta kuwa bukatar kuɗi. A yi wanka da sabulu mai sauƙi, da ruwan da bai cika zafi ba, kada a daɗe ana dirza. A shafa mai nan da nan bayan wanka, tun jiki da sauran danshi, gama a lokacin ne ya ke da ruwan da zai tsare. A fara da ƙafa da ƙwauri da gwiwa da hannu, a ɗibi kaɗan. In bayan an jima jiki na nan yana naso, yana ɓata riga, an wuce gona da iri. Mai ƙurajen fuska ya nisanta mai kauri daga fuskarsa, man gashi kuma kada ya sauko goshi. Da damina a rage, da hunturu a ƙara. Abin da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti, kada a binne shi da mai.

Daga ƙarshe ina roƙonku, ku da za ku fita koyarwa ta gwaji. In kun tsaya duba tsabtar yara, kada ƙyalli ya ruɗe ku. Na taɓa ganin yaro kansa na walƙiya, da na buɗa gashin sai ga makero a ƙarƙashi, shi da ƙannensa kuwa mataji guda su ke amfani da shi. Na kuma ga yaron da ya yi wanka tsaf, amma aka kunyata shi don ƙafarsa ta yi fari, alhali gidansu ba kuɗin mai. Ran nan bai koyi tsabta ba, tsoro ya koya, irin wanda na koya. Ku duba bayan kunne da tsakanin yatsu da fatar kai, ku bayyana wa yara dalili, ku ajiye bulala.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu zama malamai na gari, amin.