Ra'ayinmu: Mai Kaza A Aljihu Ba Ya Jimirin As

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau muna so mu yi magana a kan wata dukiya tamu wadda ba ta biyan haraji, watau habaicin da ke cikin waƙa.

Kowa ya san zambo. Mawaƙi ya kama mutum ya jera aibinsa, ya kamanta shi da biri ko kura, kamar yadda Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi suna da shi a waƙar Gagarabadau. Habaici kuwa dabam ne, shi ba ya faɗin suna. Mai daka tana rera shi kishiya tana ji daga ɗaki, ba ta da bakin kai ƙara. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo ma, in suna yabon ubangidansu, sukan yi wa 'yan sarki masu jiran gado habaici.

Amma wanda ya fi duka kaifi shi ne yabon da ba yabo ba. Mawaƙi ya tsaya gaban marowaci ya kira shi ruwan sama. Ya kira matsoraci zaki. Ya gode wa mai karɓar haraji saboda ya sauwaƙe wa manomi wahalar gadin rumbu. Uban gayya yana ta gyara zaman rawani, jama'a kuwa suna sunkuyar da kai don kada dariya ta kuɓuce. To, ina laifin da za a rubuta? In alƙali ya ce a maimaita, sai ya ji yabo tsantsa. Ma'anar ba a bakin mawaƙi take ba, a kunnen mai sauraro take, shi da ya san ainihin halin mutumin.

Don haka ne mahukunta ba su son wannan abu. A 2009 wata kotun majistare a Kano ta hana sayarwa da sauraron waƙoƙi 11. Cikinsu har da Hasbunallahu ta Aminu Ala, wadda addu'a ce ta kai kuka wurin Allah a kan masu cuta, ba ta kama sunan kowa ba. A shekarar nan aka kama shi aka tsare, a kan cewa bai kai ta an tace ba. Haba jama'a! In an roƙi Allah ya yi maganin azzalumi, sai wani ya zabura ya ce da shi ake, wa ya tona masa asiri? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mu ba mu ce duk abin da maroƙi ya faɗi daidai ne ba. Akwai mai tare ɗan tireda a bakin rumfarsa, ya yi ta ci masa mutunci sai ya ba shi kuɗi. Wannan ƙwace ne, ba ma goyon bayansa. Habaicin da muke karewa shi ne wanda ƙarami ke yi wa babba, don ba shi da wata ƙofar da zai bi a ji kukansa.

Saboda haka muna kira gare ku da abu biyu. Na farko, ku saurari waƙa da kunne biyu, ku kuma koya wa yaranku. In mai sauraro ya daina gane gugar zana, to mawaƙi ba shi da sauran mafaka, ko dai ya fito fili a ɗaure shi, ko ya yi shiru. Na biyu, ku ciyar da mawaƙanku. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, talakawa suka riƙe shi. Mawaƙin da ke cin tuwon gida ɗaya kuwa dole ya bi bakin mai gidan. In kasuwa ce ke ba shi, kasuwa zai yi wa magana.

Ga mahukunta kuma, shawararmu kyauta ce. In waƙa ta sosa muku inda ke ƙaiƙayi, ku bar mai kalangu, ku gyara hali. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa a ji.