Bayan an ɗauke gawa, wa ke wanke wurin?

Duk mazaunin Jahun, Taura ko Ringim ba ya bukatar a tuna masa daren 15 ga Oktoban 2024, lokacin da tankar mai da ta taso daga Kano ta kife a garin Majiya, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi. Kwamitin da gwamnatin Jigawa ta kafa ya ce mutum 209 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Manya sun zo ta'aziyya da jiniya sun koma, jaridu sun yi rubutu sun gaji. Abin da ba a cika tambaya ba a irin wannan rana shi ne, su wa ke sa hannu su kwashe, da me suke kwashewa, kuma wa ke tsabtace wurin bayan kowa ya watse?

Amsar kowa ya santa. In mota ta yi hatsari a hanyar Gujungu, samarin gari da 'yan agaji ne za su ɗauki mutane da hannu tsirara, a ɗebo yashi a watsa kan jini, shi ke nan. In kisan kai aka yi a ɗaki, hukuma ta ɗauki gawa ta tafi, sai a bar matan gida da tsintsiya da omo, ga baƙin ciki ga wankin jinin ɗansu. Allah Ya saka wa masu wannan aiki, amma barin su haka sakaci ne na mahukunta.

Ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu. Ruwa na gusar da najasa, wuri ya tsarkaka har a yi salla a kansa, amma wannan bai nuna ƙwayar cuta ta mutu ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a cikin busasshen jini, kuma 'yar tsaga a yatsa ta ishe ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa gawar wanda ya mutu a hatsari ba ta haddasa annoba, don haka babu dalilin gudunta ko hana ta sutura. Gawar mai amai da gudawa ko zazzaɓin Lassa kuwa daban take, kuma Jigawa na cikin jihohin da amai da gudawa ya fi yi wa ɓarna a 2021.

A Amurka da Ingila wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta. Akwai kamfanonin da ake kira bayan 'yan sanda sun gama bincike, su zo da safar hannu, takalmin roba da abin rufe fuska, su fitar da katifar da jini ya jiƙa a ƙulle a leda, a kai ta inda ake ƙona sharar asibiti. Mu ba mu ce a kawo wa talaka kamfanin da zai caje shi a ranar makoki ba. Kayan aikin ma ba su da tsada. Ruwan bilic na kanti mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, in aka zuba ma'auni ɗaya a ma'auni shida na ruwa, ya isa wanke inda jini ya zuba.

Abin mamaki, ilimin yana nan cikin Jahun. Ga kwalejin koyon aikin lafiya ta jiha, ga babban asibiti inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008. Da can duba-gari ke zagaya unguwa har yana leƙa randa. Me zai hana kowace daga cikin ƙananan hukumomi 27 ta ware 'yan mutane ƙarƙashin sashen lafiya, a horar da su, a yi musu allurar rigakafin ciwon hanta, a ajiye musu kaya da mota?

Mu kuma namu ya rage. Kwamitocin masallatai da ke sayen likkafani da makara su haɗa da kwalin safar hannu da jarkar bilic, a kuma nemi ma'aikacin lafiya ya zauna da masu wankan gawa, maza da mata, ya nuna musu yadda ake sa safar da yadda ake cire ta.