Ba Kullum Ne Laifin Kamfanin Sadarwa Ba

Kana kiran WhatsApp da Wi-Fi ɗin gida ko na ofis, murya tana yankewa, sai ka hau zagin kamfani, ka ƙara kuɗi ka sayi tsari mai sauri. Malam, sau da yawa asarar kuɗi kake yi.

Duk abin da wayarka ta tura, gunduwa-gunduwa yake fita, ya bi layi a cikin rauta ko suwic. In ba a saita komai ba, wanda ya riga zuwa shi ke fara wucewa. Ƙaninka yana ɗora bidiyo a TikTok, gunduwoyinsa sun cika layin, muryarka tana can baya tana jira. Bidiyon in ya makara da daƙiƙa ɗaya, ba wanda zai lura. Murya kuwa, hukumar ITU ta ba da shawarar kada jinkirinta ya wuce milisakan 150.

Maganin sunansa QoS, wato tsarin ba da fifiko. Suwic mai saiti yana da matakai 8, daga 0 zuwa 7. Wi-Fi kuma ya kasa bayanai kashi 4, murya a gaba. Shiga saitin rautarka, ka kunna QoS, ka sa iyakar sauri ƙasa kaɗan da abin da kamfani ke ba ka.

Wani zai ce ai QoS ba ya ƙara sauri. Wa ya ce yana ƙarawa? Layi yake gyarawa. Ko a asibiti ba a barin mai naƙuda a bayan masu ciwon kai.

Sai dai kar ka ba komai fifiko. In kowa ya dawo gaba, layin nan dai yana nan.